Tarbar Bindiga Da Na Yi Wa Yayana Soja

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in amayar da wani abu da ya daɗe a cikina, kuma don Allah kada a nemi sunana ko na garinmu, don ba zan faɗa ba. Lokacin da abin ya faru ina da shekara goma sha tara, na gama sakandare ke nan, ina zaune a gida a wani ƙauye da ke ƙarƙashin Roni ina koyon ɗinki. Ni ce auta a ɗakinmu, kuma gara in faɗi halina tun yanzu: ba ni da haƙuri, ba na iya jira, abin da ya zo bakina shi nake faɗa. In na ce za a yi abu, to yau za a yi shi. Saboda wannan hali ne yayana, wanda soja ne, ya raɗa min suna Kwamanda, wai ko a barikinsu bai ga mai ba da umarni kamata ba. Ni kuwa daɗi nake ji in ya faɗa, har wani ɗaga kai nake yi.

Yayan nan nawa shi ne ɗan farin Innarmu, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe gidan. Sai aka tura rundunarsu aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa ta Afirka da yaƙi ya ɗaiɗaita, irin aikin nan da ake sa shuɗiyar hula. Ya fi shekara a can. Innarmu Bafulatana ce ta asali, daga wata ruga ta wajen Gwiwa aka auro ta, kuma wanda ya san Fulani ya san kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba, ban taɓa ganin ta kalle shi ido cikin ido ba. Wancan take ce masa, ko yayanku. In ya bugo, wayata yake kira, in na miƙa mata sai ta kau da kai ta ce hannunta da aiki. Amma sai ta jawo faifai ta zauna kusa da ni tana tsince waken da ta riga ta tsince, in na kusa kashewa ta ce, idonta a kan waken, in tambayi mai wayar ko suna samun abinci. Wallahi abin nan yana ƙona min rai. Gani nake mutum yana can bakin mutuwa, uwarsa ko muryarta ta kasa ba shi.

Mutanen gari kuma suka ƙara min haushi. In na wuce majalisar da ke gindin darbejiya kusa da mai shayi, sai in ji ana cewa ai ɗan gidan maharba ya tafi kwasar dala. Wani ma ya ce su ba yaƙi suke ba, yawo suke a farar mota suna raba wa yara alewa. Ranar da Yaya ya turo min hotonsa an liƙa masa lambar yabo a ƙirji, na zagaya gida-gida da wayar ina nunawa, abin da na samu shi ne, to madalla, ki ce ya taho mana da tsaraba. A makon nan kuwa wani ɗan siyasa ya zo garin ya yi minti goma, aka wuni ana share hanya, aka yi kiɗa aka yi guɗa. Na tsaya ina kallo, na rantse a raina cewa ranar da yayana zai dawo sai garin nan ya san ya haifi namiji.

Ana cikin cirar gyaɗa ya bugo ya ce sun sauka Najeriya, an ba shi hutun wata ɗaya, ranar Laraba zai iso. Na yi tsalle na buga ihu har kaji suka watse. Ya ce in tsaya in saurare shi. Ya ce Inna kaɗai zan faɗa wa, ba ya son taro, ba ya son hayaniya, so yake ya shigo gida kamar wanda ya dawo daga gona. Ya maimaita sau biyu, har ya ce wannan karon shi ne mai umarni, ba Kwamanda ba. Na ce to, na ji. Amma ga abin da ya ruɗe ni. A gidanmu babu mai buɗe baki ya ce yana son abu. Baƙo ya zo da yunwa a kawo tuwo ya ce ya ƙoshi, sai an matsa masa sau uku. Inna ta ce kada a ɗinka mata kayan Salla, in ba a ɗinka ba kuma an yi laifi. Shi ma Yaya ai jinin Inna ne. Sai na ce kawaici ne kawai, baki ne ke cewa a'a, zuciya na so. Na lura muryarsa ta yi sanyi ba kamar da ba, amma na ce gajiya ce da kewar gida, tarba mai kyau za ta wartsake shi.

Kwana biyar nake da su, kuma ban taɓa jin daɗin kwanaki kamar waɗannan ba. Na kama tunkiyata na kai kasuwa. Na tara ƙawayena na makaranta su takwas na ce anko za mu yi, shuɗin mayafi kalar hular Yaya sak. Muka hau mota zuwa Kazaure muka bi kasuwa shago-shago, ina ɗaga waya ina gwada hoton hular da kowane mayafi, har wani mai shago ya ce 'yammata, in ba saye za ki yi ba ki bar min kayana su huta. Na sa aka buga min hotonsa a babban ƙyalle, aka rubuta Barka Da Dawowa Gwarzonmu. Na kama rumfa da kujerun roba daga Roni. Na yi magana da masu kalangu, na je wajen tsohuwar da ta fi kowa guɗa a unguwarmu na ce ta adana muryarta, kada ta sha ruwan sanyi. Ga waina da miyar taushe, ga zoɓo randa guda. Ina tafe ina ba da umarni, ƙafata ko ƙasa ba ta taɓawa. Sirrin da aka ce in riƙe, kafin Lahadi har makiyayan bayan gari sun ji shi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne kan gaba a wurina. Mu gidan maharba ne. Al'adarmu tun kakanni, in ɗan gida ya dawo daga doguwar tafiya ana harba masa bindiga uku sama, irin ta gargajiya da ake ɗura wa albarushi, wadda ake ce wa harba-ka-ruga. An yi wa mahaifinmu da ya dawo daga Makka. An yi wa Yaya kansa ranar da ya gama horon soja, ina tune da shi yana dariya yana cewa a ƙara albarushi, wannan ai tari ne ba harbi ba. Don haka na tafi wajen Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda bindigogin gidan ke hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi buƙatata. Tsohon ya tambaya ko yaron ya san da wannan. Ya ce shi ya tsufa a dawa, ya san naman da ya taɓa tsira daga harbi, ko kara ne ya karye a bayansa sai ya zabura. Na ce haba Baffa, Yaya ai ba barewa ba ne, soja ne, ƙarar bindiga abincinsa ce. Ya sake tambaya, ya dai sani? Edita, a nan na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na dubi tsohon nan na ce ya sani, shi ma ya ce a yi. Baffa ya ce to shi ke nan, tunda daga bakinsa ta fito.

Inna ba ta hana ni komai ba, kallon kujeru kawai take suna shigowa. Ranar Talata da yamma ina jera kofuna sai ta ce, fuskarta a wani wajen, mai wayar dai ya ce kada a yi. Bakina ya riga hankalina. Na ce Inna, ke kin yi shekara talatin ba ki nuna masa komai ba, to ki bar masu iya nunawa su nuna. Ta ɗauki butarta ta shige.

Laraba tun azahar ƙofar gidanmu ta cika. 'Yan majalisar nan masu maganar dala su suka kama kujerun gaba, ina kallonsu ina cewa yau za ku gani. Mu tara muka jeru cikin shuɗin mayafi. Na ba wata ƙawata waya na ce ta ɗauki komai, kada ko ƙiftawar ido ta wuce ta. Baffa da maharba biyu na ɓoye su a bayan dangar maƙwabta don abin ya zo wa Yaya ba zato, na ce in na ɗaga mayafina sama su saki wuta. Bayan la'asar muka hango babur ya karyo kwana daga hanyar Roni. Kalangu ya ɗauka, tsohuwa ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa, ni kuwa zuciyata kamar ta fasa ƙirji don murna. Ga shi nan! Ba kaki a jikinsa, wata farar riga ce kawai, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, yana rungume da wata ƙaramar koriyar jaka. Ya sauka ya tsaya. Ya dubi rumfa, ya dubi hotonsa, ya dubi mutane, sannan ya nemo ni da ido. Na rugo na ƙame a gabansa na sara masa ina dariya. Na ga bakinsa ya motsa, sai daga baya na gane cewa ya yi, Kwamanda, me na ce miki? Kiɗa bai bar ni na ji ba, kuma ko na ji ba na zaton zan tsaya. Na zare mayafi na ɗaga sama.

Bindigar farko ta tashi a bayansa. Ban ga lokacin da ya faɗi ba, na dai ji an fizgi ƙafata na zube, bakina ya daki ƙasa. Yaya ne ya kayar da ni ya danne kaina, yana ihu a kwanta, a kwanta, da Hausa da Turanci. Ta biyu ta tashi. Ya sake ni ya ja ciki zuwa gindin babur, ya dunƙule a kan jakar nan, yana ƙwala kiran wani suna da ba na kowa ba ne a garinmu. Abin da ya fi ci min rai, mutane sun ɗauka wasan sojoji yake nuna musu. Aka yi tafi, aka yi shewa, mai kalangu ya ƙara wuta, wani a kujerar gaba ya ce kai, ka ga horo! Ta uku ta tashi. Sai da hayaƙi ya lafa aka ga bai miƙe ba, jikinsa na rawa kamar mazari, hawaye da ƙasa sun cakuɗe a fuskarsa. Kiɗan ya mutu. Kowa ya tsaya yana kallo, har da ni.

Sai ga Inna. Matar da ko zaure ba ta leƙowa in da maza, ta keto taron ba takalmi, ta zube a gabansa ta ɗora kansa a cinyarta, ta lulluɓe shi da mayafinta. Kuma ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, a gaban duk garin, tana cewa ni ce, kana gida, kana gida. A rayuwata ranar na fara jin sunan nan a bakinta. A hankali rawar jikin ta ragu. Ta tashe shi ta shige da shi ciki, ba ta kalli kowa ba. Mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya, waina ta sandare a masaki ba wanda ya taɓa.

Kwana uku Yaya bai fito daga ɗaki ba, bai kuma yi min magana ba. Baffa ya zo ya tsaya a tsakar gida ya ce min, kin ce ya sani, ya juya ya fita. Sai kuma bidiyon. Ƙawata ta tura wa sauran 'yan anko, su kuma suka tura gaba, kafin in farga ya kai Kazaure ya wuce. Ana yawo da shi ana cewa ga sojan da harba-ka-ruga ta kayar. Wasu suka ce ya taɓu, wasu suka ce aljanun can ƙasar ne suka biyo shi. Na je majalisar na wanke su tas, na ce a cikinsu wa ya taɓa tsayawa inda ake harbi, su da ko ɓera ya motsa a rumbu sai sun kira maƙwabta. Hakan bai gyara komai ba, sai ma aka ce gidan duka ya taɓu. A rana ta huɗu Yaya ya ɗauki jakarsa ya tafi rugar kawunmu a wajen Gwiwa, ya bar saƙo cewa daga can zai koma bariki. Wato ni da na tara gari don a girmama shi, ni na kore shi daga gidan ubansa. In hutun ya ƙare a haka, ban san ranar da zai sake tako ƙofar nan ba.

Mako guda ina zirga-zirga a gida kamar kazar da za ta yi ƙwai. Inna ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ran nan da safe ta ɗaure dambu a kwano ta turo gabana ta ce in kai wa wancan. Ta ce in na je in rufe bakina, kuma in zauna ta damansa. Na ce me ya sa dama? Ta ce kunnen hagun ba ya ji. Ni da na yi ta kallon hotonsa ina nuna wa duniya ban gane komai ba, ita kuwa da na ce ba ta kallonsa, kwana uku sun ishe ta.

Na hau babur har rugar. Na same shi a gindin wata tsamiya yana kallon shanu, jakar na gefensa. Na gaishe shi ya amsa, na ajiye kwano, na zauna ta dama. Edita, ban taɓa yin aiki mai wuya irin shirun nan ba. Magana ta zo har maƙogwaro in haɗiye ta. Tun hantsi har inuwa ta dawo ƙarƙashinmu ban ce komai ba. Can sai ya ce, bai ko juyo ba, yau Kwamanda ba umarni? Sai na fashe da kuka, na faɗa masa komai, har ƙaryar da na yi wa Baffa. Ya bari na gama, sannan ya fara magana a hankali. Ya ce aikinsu a can shi ne raka mata kasuwa da ɗebo itace, don in sun fita su kaɗai ba sa dawowa lafiya. Yana da aboki a rundunar, mutumin wajen Babura, ɗakinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya, kullum suna gardamar furar garin wa ta fi daɗi. Wata safiya aka yi musu kwanton ɓauna a hanya. Wani abu ya fashe, shi ya kashe wa Yaya kunne, abokin kuma a hannunsa ya cika, a can aka binne shi. Matan da suka rako dai duk sun tsira. Lambar yabon da nake yawo da hotonta, bayan wannan aka ba su. Ya dafa jakar ya ce kayan mamacin ne, ya yi alkawarin kai wa mahaifiyarsa da hannunsa. Niyyarsa ya shigo shiru, ya gaida Inna, washegari ya wuce Babura. Ya ce ta yaya za a yi masa kiɗa a nan, alhali wanda suka tafi tare uwarsa na can ko kabarinsa ba ta gani ba? Yanzu kuma ga bidiyo. In ya kai gare ta, da wane ido zai kalle ta, an yi masa biki, ya kuma zama abin dariya? Shi ya sa ya kasa zuwa.

A nan shiruna ya ƙare. Na miƙe na kakkaɓe zani na ce Yaya, tashi. Ya ce zuwa ina? Na ce Babura, yanzu, laifin nawa ne, ni zan durƙusa in faɗa mata da bakina. Ya ce rana ta yi, a bari sai gobe. Na ce goben nan ce ta cinye maka mako guda. Ya dube ni, sai na ga gefen bakinsa ya motsa, dariyar farko tun dawowarsa. Ya ce Allah ya shirye ki, ya ɗauki jaka. Wallahi murnar da na ji a lokacin nan ta fi ta ranar Laraba nesa ba kusa ba. Muka fito titi muka hau motar Kazaure, daga nan muka kama ta Babura, a kowace tasha ina faɗa da direba ya tashi ko mota ba ta cika ba, Yaya yana ba su haƙuri yana cewa haka take tun tana goye.

Da yamma muka isa gidan. Wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa. Yaya ya durƙusa ya faɗi ko shi wane ne, ya tura jakar gabanta. Ta buɗe, ga carbi, ga 'yar rediyo, ga shuɗiyar hula, ga turmin atamfa da ɗanta ya saya mata bai samu kawowa ba. Ta ɗauki hular ta daɗe tana shinshinawa. Ta tambaya ko ya sha wuya, ko ya samu kalmar shahada, ko an yi masa salla. Yaya ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Na matso zan fara ba da haƙuri kan kiɗa da bidiyo, sai ta ɗaga min hannu. Ta ce ta gani, maƙwabciyarta ce ta kawo mata a waya tana dariya, wai ta zo ta ga soja matsoraci. Ita kuwa da ta kasa kunne sai ta ji sunan da yake kira, sunan ɗanta ne. Ta ce tun ranar da aka zo aka sanar da ita rasuwar, abin da ke hana ta sukuni shi ne ko yaronta ya mutu shi kaɗai cikin baƙi, ba mai kiran sunansa. Da ta ga mutum kwance cikin ƙasa, hankalinsa ya gushe amma bai manta da ɗanta ba, sai ta samu amsarta, kuma tun ranar take jiran sallamarsa. Ta dafa kan Yaya ta ce daga yau yana da uwa a Babura. Ni kuma ta dube ni ta ce ke ce mai ɗaga mayafin? Na ce ni ce, Iya. Ta ce Allah ya rufa miki asiri wannan karon, kada ki kuma.

Washegari da hantsi muka shigo gida, ba kalangu, ba guɗa, kamar waɗanda suka dawo daga gona. Inna na tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce min in faɗa wa wancan akwai fura a ɗaki. Daga baya na gano tun ranar da ya tafi rugar, kullum sai ta dama ta rufe ta ajiye. Ya ƙarasa hutunsa a gida. Na je na durƙusa wa Baffa ya yafe min, amma ya kafa doka, ba za a sake harba wa kowa bindigar tarba ba sai shi ya tambayi mai dawowar baki da baki. Kada wani ya ɗauka komai ya warware. Kunnen bai dawo ba. Yaya yana ganin likita a barikinsu, kuma har yanzu in aka bugo ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Bidiyon nan yana nan a wayoyin mutanen da ban sani ba, ba ni da hanyar goge shi.

Na daɗe kafin in yarda da gaskiyar, amma ga ta: tarbar nan don in rufe bakin 'yan majalisa na shirya ta, Yaya kuwa shi ya ɗauki nauyinta. Ina kira ga duk wanda yake da ɗa ko miji ko wa a irin wannan aiki, da ma duk mai ganin soja ya dawo daga tsare rayukan mutanen da bai sani ba. Sun cancanci girmamawa, wannan ba gardama, amma lambar da kuke gani a ƙirji akwai abin da aka bari a can kafin a samo ta, kuma ba ya fita a hoto. In mutum ya ce ba ya son taro ku yarda da shi, ba kowace a'a ce kawaici ba. In kun ga ya zabura kada ku yi dariya, kada ku ɗaga waya, kada ku ce aljanu. Ku kuma 'yammata masu saurin baki irina, kafin ku ce tsohuwa ba ta damu ba, ku duba me take tsincewa a faifai. In naku ya dawo, ku shimfiɗa masa tabarma, ku gano kunnen da yake ji da shi, ku zauna ta nan ku yi shiru har sai shi ya fara magana.